ABDULLAHI ƊAN UMMI MAKTUM (R.A.): MAKAHON DA AKE BAR WA RIƘON MADINA IN AN FITA YAƘI

 

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, a filinmu na tarihin magabata na wannan fitowa mun kawo maka wani bawan Allah wanda ka daɗe da sanin labarinsa ko da ba ka riƙe sunansa ba. In dai ka hardace izun Amma, to ka bi ta kan Suratu Abasa, sura ta 80 mai ayoyi 42, kuma malaminka ya gaya maka cewa farkonta ya sauka ne a kan wani makaho. To galibinmu a nan muke tsayawa. Ba kasafai ake gaya wa ɗalibi abin da ya faru da wannan makaho bayan saukar surar ba, alhali kuwa ya rayu fiye da shekara ashirin bayan haka, kuma kusan duk shekarun nan na gudun hijira ne da yaƙi da yunwa da zaman ɗar-ɗar.

Mutanen Madina suna kiransa Abdullahi, mutanen Iraƙi kuwa Amru suke ce masa. Mahaifinsa Ƙaisu ɗan Za'ida ne, daga Banu Amir ɗan Lu'ayyu, wato Baƙuraishe ne na asali. Mahaifiyarsa Atika 'yar Abdullahi ce daga Banu Makzum, ita ce ake yi wa alkunya da Ummu Maktum, kuma da sunanta ya shahara. Nana Khadija (R.A.) mahaifiyarta Faɗimatu 'yar Za'ida ce, 'yar'uwar Ƙaisu. Ka ga ke nan Abdullahi ɗan kawun Nana Khadija ne, a al'adarmu ta Hausa sai mu ce taubashinta ne. Tun yana ƙarami ba ya gani. Yana cikin waɗanda suka karɓi Musulunci da wuri a Makka, lokacin da karɓarsa ba ta jawo wa mutum komai sai duka da wulaƙanci.

Wata rana Manzon Allah (S.A.W.) yana ganawa da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin su musulunta, masu tafsiri sun ambaci sunaye irin su Utba ɗan Rabi'a da Abu Jahal da Umayya ɗan Khalaf, sai ga Abdullahi ya iso yana neman a sanar da shi wani abu daga abin da Allah Ya saukar. Shi bai ga su wa ke zaune ba, ya yi ta maimaita buƙatarsa. Manzon Allah (S.A.W.) bai so katsewar zancen ba, ya juya ga manyan. Sai Allah Ya saukar da farkon surar. Ka lura da wani abu, ɗan'uwa: shi Abdullahi bai ga canjin fuskar ba, ba abin da ya gani balle ransa ya ɓaci. Amma duk da haka aka saukar da ayoyin da za a yi ta karantawa har tashin kiyama. An ruwaito cewa daga ranar Manzon Allah (S.A.W.) yakan tarbe shi da maraba ta musamman, ya tambaye shi ko yana da wata buƙata.

Da aka yi izinin hijira bai tsaya jiran a gama share hanya ba. Bara'u ɗan Azib (R.A.), kamar yadda ya zo a Bukhari, ya ba da labarin cewa farkon waɗanda suka iso musu Madina su ne Mus'abu ɗan Umairu da Ɗan Ummi Maktum, suka shiga koya wa mutane Alƙur'ani, daga baya Ammaru da Bilalu da Sa'adu suka zo, sa'an nan Umaru cikin mutum ashirin, kafin isowar Manzon Allah (S.A.W.) a shekara ta 622 Miladiyya. Tsakanin Makka da Madina ya haura kilomita 400, kwatankwacin daga Kano zuwa Abuja, cikin duwatsu da rairayi da zafin rana, ba kwalta ba mota. Ka tambayi duk makahon da ka sani, zai gaya maka cewa ƙarfinsa yana cikin sanin wuri. Ya san yawan taku daga ƙofar gida zuwa masallaci, ya san inda kwata take, ya san muryar mai shayin bakin layi. In ka raba shi da unguwarsu ka raba shi da idon da ya rage masa. Shi ya sa gudun hijira ya fi yi wa makaho tsada fiye da kowa. Abdullahi ya bar Makkar da ya sani lungu-lungu, ya je ya fara ƙirgen taku daga farko a baƙon gari, kuma a matsayin malami ya je.

A Madina aka ba shi ladanci tare da Bilalu (R.A.). Bilalu ke kiran farko da sauran dare, irin wanda muke ce wa assalatu, shi kuma Abdullahi ke kiran fitowar alfijir, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci masu azumi su ci gaba da sahur har sai sun ji muryarsa. Wannan yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. To yaya makaho zai san alfijir ya keto? Ruwayar da kanta ta ba da amsa: ba ya kira sai an gaya masa gari ya waye. Wato akwai masu ido da ke duba masa sama, shi kuma ya ba da murya da amana. Azumin gari guda aka rataya a kan wannan tsari, kuma bai ɓaci ba. A kan irin wannan ne malamanmu na Malikiyya suka halatta ladancin makaho in yana da amintaccen mai sanar da shi lokaci, suka kuma halatta bin sa salla ba tare da karhanci ba.

Akwai ranar da ya nemi sauƙi a bar shi ya riƙa salla a gida, domin gidansa da nisa, ɗan jagoransa ba ya biya masa buƙata, ga Madina da miyagun ƙwari da namun daji. Da aka tabbatar yana jin kiran salla, ba a ba shi wannan sauƙi ba. Wasu sukan kawo wannan don su nuna tsanani. Amma ka haɗa shi da labarin Itbanu ɗan Malik (R.A.), limamin Banu Salim, wanda shi ma idonsa ya tafi. Shi ya kawo kukan cewa in an yi ruwa kwarin da ke tsakaninsa da masallacinsu yakan cika ya kasa hayewa. Manzon Allah (S.A.W.) da Abubakar (R.A.) suka tako har gidansa, aka yi salla a wurin da ya nuna domin ya riƙe shi wurin sallarsa. Makafi biyu, amsa biyu. A ganina abin da ke ciki shi ne ba a yi wa naƙasassu kuɗin goro, kowa ana duba halinsa da abin da ke gabansa. Kai da ka san yadda lungunan Fagge ke zama in kwatoci sun cika a watan Agusta, ka san uzurin Itbanu ba ƙarami ba ne.

Yanzu mu zo ga yaƙi, inda nake so ka tsaya ka natsu.

Duk lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) zai fita da runduna yakan naɗa wanda zai tsaya a madadinsa a Madina. Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas (R.A.) cewa an wakilta Ɗan Ummi Maktum yana yi wa mutane limanci alhali yana makaho. Ibnu Abdil Barri a cikin Al-Isti'ab ya kawo cewa sau 13 aka bar masa garin. A Badar, shekara ta 2 bayan hijira, shi aka bar wa salla, daga baya aka mayar da Abu Lubaba daga Rauha'u ya riƙe sauran al'amura. Ibnu Hisham ya ambace shi a Uhudu da Hamra'ul Asad da Banu Nadir da Yaƙin Gwalalo da Banu Ƙuraiza. Malamai sun yi saɓani ko salla kaɗai aka wakilta shi a kai ko har da mulkin gari. To ko da salla ce kaɗai, ka tuna a wancan zamani masallaci shi ne inda ake jin labarin fagen fama, nan ake kawo kuka, nan mai yunwa ke zuwa. Wanda ke tsaye a mihrabin Manzon Allah (S.A.W.) sau biyar a rana shi ne mutumin da jama'ar da ta rage ke jingina da shi.

Su wa suka rage? Mata da yara da tsofaffi da marasa lafiya da guragu da makafi. A Uhudu, shekara ta 3, an tara mata da yara da tsofaffi a gidaje masu ganuwa. Aka kashe Musulmi kimanin 70, jita-jita ta iso gari cewa an kashe Manzon Allah (S.A.W.), mata suka fito suna neman labarin mazajensu da 'ya'yansu. A Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5, mayaƙa wajen 10,000 suka yi wa Madina ƙawanya kusan wata guda, Musulmi kimanin 3,000 suna bakin ramin da Salmanul Farisi ya ba da shawarar haƙawa, ga sanyi, ga yunwa har ana ɗaura dutse a ciki, ga Banu Ƙuraiza sun warware alkawari ta bayan gari inda iyali suke. Cikin wannan hali, wanda ke jan ragowar jama'a salla mutum ne da ko kibiya aka harbo ba zai ga tahowarta ba.

Mu a nan ba baƙin irin waɗannan kwanaki ba ne. Iyayenka sun ga watan Disamba na 1980, lokacin rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, nan kusa da mu, wanda alƙaluman gwamnati suka ce ya ci rayuka 4,177. An ga tarzomar Oktoba ta 1991 da ta ƙone shaguna da gidaje a Sabon Gari da kewaye. An ga ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, da aka kashe mutum fiye da 180 aka kuma sa dokar hana fita dare da rana. An ga bam na tashar New Road a watan Maris na 2013, da gobarar kasuwar Sabon Gari a Maris na 2016, da kullen korona a Afrilu na 2020. A duk waɗannan mai ƙafa ya gudu, mai ido ya ga inda hayaƙi yake ya kauce. To gurgun da ke kan kekensa fa? Kurman da bai ji sanarwar rediyo ba har ya fito ya yi kiciɓis da soja fa? Makahon da ke zama a ƙofar Masallacin Juma'a na Fagge, wanda ɗan jagoransa yaro ne ɗan shekara tara da ya firgita ya saki sanda ya ruga fa? Ga kuma wanda abincinsa na yau sai ya fita yau, an ce kowa ya zauna a gida. Ko a Japan mai kuɗi da tsari, binciken da aka yi bayan ambaliyar teku ta 2011 ya nuna yawan mutuwa a cikin naƙasassu ya ninka na sauran jama'a kusan sau biyu. Sai a watan Yuni na 2019 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri na farko, mai lamba 2475, kan kare naƙasassu a lokacin yaƙi. A watan Janairu na wannan shekarar ta 2019 ne kuma aka sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci a Nijeriya.

Dubi yadda sahabbai suka yi tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Masu tafsiri sun kawo, a bayanin aya ta 61 ta Suratun Nur, cewa masu fita yaƙi sukan bar makullan gidajensu a hannun makafi da guragu da marasa lafiya, su yi musu izinin cin abin da ke ciki. Su kuma sai kunya da tsantseni su hana su taɓawa, suna ganin ko masu gidan ba da zuciya ɗaya suka yi izinin ba, har aka saukar da ayar ta ɗauke musu wannan damuwa. Ka ga dabara guda ta biya buƙata biyu: an tanadar musu abinci kafin a tafi, an kuma ba su aikin tsaron gida, ba a mayar da su mabarata ba. Yo mu yau ko a unguwa ɗaya akwai wanda ya san gidaje nawa ne ke da wanda ba zai iya fita da kansa ba in wuta ta tashi? Wannan aiki ne da mai unguwa da limami da ɗaliban Islamiyya manya za su iya gamawa a mako guda da littafi ɗaya da biro. Kuma ba Musulmi kaɗai za a rubuta ba. Alƙali Abu Yusufa ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Umaru (R.A.) ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara, ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya sawwaƙa, sa'an nan ya umarci mai baitulmali ya kula da shi da ire-irensa. Wanda ke maƙwabtaka da Sabon Gari ya fi kowa buƙatar sanin wannan labari.

Shi Abdullahi kuwa zaman gari bai kwantar masa da rai ba. Zaidu ɗan Sabit (R.A.) ya ba da labarin ranar da yake rubuta aya ta 95 ta Suratun Nisa'i, wadda ta fifita masu fita a kan masu zama. Ɗan Ummi Maktum yana wurin, sai ya kawo kukansa cewa da yana da iko da ya fita, ga shi kuma makaho ne. Nan take wahayi ya sauko, cinyar Manzon Allah (S.A.W.) tana kan cinyar Zaidu, har Zaidu ya ji kamar za ta karye don nauyi, aka saukar da togaciyar da ta cire ma'abota larura daga wannan hukunci. Sau biyu ke nan Alƙur'ani na sauka saboda mutum ɗaya. Aya ta 17 ta Suratul Fathi ta ambaci makaho da gurgu da mara lafiya ɗaya bayan ɗaya ta ɗauke musu laifi. A dawowa daga Tabuka kuma, shekara ta 9, Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da sahabbai cewa akwai waɗanda uzuri ya tsare a Madina amma suna tare da rundunar a lada. Duk da haka akwai waɗanda suka zaɓi su fita. Amru ɗan Jamuhu (R.A.), dattijo mai tsananin gurgunta, 'ya'yansa suka so hana shi zuwa Uhudu. Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da shi cewa Allah Ya ɗauke masa, ya kuma hana 'ya'yan su tare shi. Ya je, ya yi shahada a can. Sauƙin haƙƙinsa ne, amma ba a mayar da shi sarƙa a ƙafarsa ba.

A zamanin halifancin Umaru (R.A.), wajen shekara ta 15 bayan hijira, 636 Miladiyya, rundunar Musulmi ta haɗu da ta Farisa ƙarƙashin Rustum a Ƙadisiyya, kusa da inda Kufa take a Iraƙi. Farisawa sun zo da giwaye, aka yi kwanaki ana gwabzawa har da dare guda cur. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne shugaban rundunar Musulmi kansa, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.), a kwance ya ja yaƙin. Ciwon jijiyar cinya da marurai sun hana shi hawa doki, ko zama ba ya iyawa. Aka hau da shi saman wani gini ya yi rub-da-ciki a kan matashi yana hangen fili, yana aika umarni a rubuce zuwa ga Khalidu ɗan Urfuɗa. Wasu suka fara gunaguni wai tsoro ne ya ɓoye shi, har sai da ya nuna musu abin da ke jikinsa.

Wannan ita ce jarrabawar mai ciwon da ido ba ya gani. Makaho kowa ya ga sandarsa. Amma akwai wani ciwo da likitoci ke kira multiful sikilarosis, suna taƙaita shi da MS, kada ka rikita shi da sikila. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda ɓera ke cin robar wayar lantarki, sai saƙo ya riƙa yankewa tsakanin kai da gaɓoɓi. Ido ɗaya ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, hannu ya mutu, gajiya ta rufe mutum, bayan makonni abin ya lafa kamar ba a yi ba, sa'an nan ya dawo. Yakan fara ne tsakanin shekara 20 zuwa 40, ya fi kama mata, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna mutum kimanin miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya. Ya fi yawa a ƙasashen Turai, amma akwai shi a Afirka, sai dai gano shi na buƙatar hoton na'urar MRI. Zafi na tsananta shi, ka kuwa san bazarar Kano. Wasu allurorinsa sai a firji, in wuta ta ɗauke ko hanya ta rufe magani ya yanke. Mai irin wannan ciwo jiya ka gan ta a Kantin Kwari da ƙafarta, yau an ce a gudu ta kasa ɗaga ƙafa daga gado, sai ka ji ana cewa shagwaɓa ce, ko iska ce, ko sammu. Haka mai sikila, wanda shi kam kusan kowace unguwa akwai shi. Ayar Fathi da ta ambaci makaho da gurgu ba ta tsaya nan ba, sai da ta haɗa da mara lafiya, kuma ba ta shardanta sai jama'a sun ga ciwon da idonsu ba.

A cikin wannan runduna ta shugaba mai jinya aka ga Ɗan Ummi Maktum, ya manyanta, ya taso tun daga Madina. An ruwaito cewa yakan nemi a ba shi tuta a tsayar da shi tsakanin sahu biyu, hujjarsa ita ce makaho ba shi da hanyar gudu. Mai tuta shi ne alamar da mayaƙa ke dubawa cikin ƙura, in ta faɗi zukata su karye, saboda haka maƙiya shi suka fi auna wa. Runduna ce ta halifa mai bai'a, a fili sahu da sahu, babu abin da ya haɗa ta da masu dasa bam a tasha da masallaci, waɗanda suka ƙara mana yawan guragu da makafi a garin nan. Anas ɗan Malik (R.A.) ya ba da labarin cewa ya gan shi a ranar Ƙadisiyya sanye da sulke, riƙe da baƙar tuta.

Musulmi suka yi nasara, aka kashe Rustum, hanyar Mada'in ta buɗe. Zubairu ɗan Bakkar ya tafi a kan cewa Abdullahi ya yi shahada a filin Ƙadisiyya. Waƙidi kuwa ya ce ya koma Madina, a can ya rasu a zamanin Umaru. Allah Ya ƙara masa yarda, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da garinmu lafiya, amin.